Ka ɗaura wa shago rawani, amma makulli na hannu ɗaya

Tambaya: Malam, ina sayar da masara da gero a Babbar Kasuwar Katsina, sitona biyu. Bara na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na naɗa ƙanena manaja, muka buga hatimi da kati irin na manyan kamfanoni. Amma jari sai raguwa yake. In sayi kwamfuta ne, ko in buɗe reshe a Daura ciniki ya ƙaru?

Amsa: Alhaji, ajiye zancen reshe tukuna. Tulun da ke yoyo ba a ƙara masa ruwa.

Masana sun daɗe da sanin irin abin da ka yi. Tun 1977 Meyer da Rowan a Amurka suka nuna cewa ma'aikatu kan ɗauki muƙamai da tsare-tsare don a gan su da ƙima, alhali aikin cikin gida bai sauya ba. Takardar CAC za ta buɗe maka asusun kamfani a banki, amma ba ta ƙirga buhu.

Wa ke riƙe makullin sito? Wa ke karɓar kuɗi? Wa ke rubutawa? In duka ƙaninka ne, to nan ciwon yake. Ban ce ɓarawo ba ne. Ko shi kansa ba zai iya nuna inda kaya suka bi ba, kai kuma kunyar zumunci ta hana ka tambaya. A ce buhu tiya 40 ne, ana zarar tiya ɗaya daga kowanne: buhu 200 a wata, buhu biyar sun tafi ke nan, ba a lissafa bashin da aka ba abokai da baki ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan masaƙun Indiya ya gano cewa ƙirga kaya, rubuta aibun yadi da kula da injuna sun ɗaga aiki da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Masu masaƙun ma 'yan'uwa kawai suke amince wa, saboda ba su da hanyar bin sawun bare.

Raba aikin uku. Mai sito kada ya taɓa kuɗi, buhu ba ya fita sai da rasit mai lamba. Mai karɓar kuɗi ya zuba a asusun kamfani kullum kafin la'asar, ban da asusun kowa. Littafi kuma a hannunka. Duk Asabar ka shiga sito da kanka, ka ƙirga, ka ɗora buhu goma a sikeli. Ƙaninka a yanka masa albashi a rubuce, a daina "ɗauki na cefane".

Kwamfuta ta jira wata shida. Abin da aka shigar mata shi za ta maido maka, ko da ƙarya ne.