Shekaru muke saya a Ingila, Kawu

Kawu, saƙonku ya iso ta bakin Hajiya. Wai kun ce ina hankali a ce mutum ya sayi gida da guminsa, sannan ya koma yana tara wasu kuɗin don ya ci gaba da zama a ciki. Ban ga laifinku ba. Farkon zuwana na yi wa wani dattijonmu wannan tambayar, ya yi ta dariya har da ƙwalla.

A nan idan mutum ya sayi fulat a cikin bene, galibi ƙasar da ginin suna da mai su. Abin da ya saya shekaru ne: 99, ko 125, mai sa'a ya dace da 999. Ranar da suka ƙare, gida ya koma hannun mai ƙasa. Ku ma ai kun san kamarsa, takardar mallakar filinku da gwamna ya sa wa hannu shekara 99 aka rubuta mata, kuma dokar 1978 ce ta danƙa filaye ga gwamnoni. Sai dai a gida ba mai lissafin abin da ya rage. Nan kuwa mai saye yana ƙirgawa, banki ma haka, kuma da shekaru sun ja baya sai ya noƙe, ya ƙi ba da bashi a kan gidan. Gidan da banki ya guje shi kuwa, sai dai a karyar.

Shi ya sa a wurin suna ko ɗaurin aure, in aka ji wani ya sayi gida, kafin a tambayi ɗaki nawa sai an ce: "Saura shekara nawa?" Lambar da kowa ke gudu ita ce 80. Dokar 1993 ta ba mai fulat ikon tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, kuɗin hayar ƙasa da ake biyan mai ƙasa shekara-shekara kuma ya faɗi. A takarda cewa ake za a riƙa biyan ƙwayar masoro ɗaya, ban taɓa jin wanda ya zo karɓa ba. Amma da zarar shekaru sun sauka zuwa 80, ribar da ƙarin ya jawo wa gidan raba ta ake yi biyu da mai ƙasa. A ce ribar fam dubu 20 ce, to dubu 10 nasa ne, bayan ainihin farashin. Nawa saura 82 ne, kun ga dalilin da ya hana ni barci.

Aikin neman ƙarin shekarun ba ya sauri. Na ɗauki mai kimanta gidaje da lauya, lauya ya aika wa mai ƙasa takarda da tayinmu, aka ba shi wata biyu ya amsa. Ya amsa da farashin da sai da na zauna na sake karantawa. Yanzu ciniki ake, tamkar a Kantin Kwari, illa dai da wasiƙu. In an kasa daidaitawa akwai kotun da ke yanke farashi. Abin da ya fi ci mini rai, lauyansa da mai kimantawarsa ma ni zan biya.

An yi sabuwar doka a 2024 da ta yi alkawarin shekara 990 da soke wancan rabon ribar. Ɓangaren da ya soke jiran shekara biyu bayan saye kafin a nemi ƙarin shekaru ya fara aiki a Janairun 2025, wancan alkawarin kuwa ana ta jiransa. Wasu cikinmu sun ce za su dakata, wataƙila abin ya yi sauƙi. Mai saura 95 yana da sararin jira. Ni da shekara biyu kacal suka raba ni da 80, ba zan yi caca da gadon yara ba.

Kuɗin kuwa, da yawanmu ba ma son ƙara bashi mai ruwa, don haka adashi muke yi, mu goma, kowa ya zuba a ƙarshen wata. Kwasata ta zo a watan jiya, kuma tana ajiye don wannan. Kuɗin kwanon rufin shagon da na yi muku alkawari sai bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu. A gaida Hajiya da yara.