Tambaya da Amsa: Yaya zan yi bikina ya fita daban ba tare da na saɓa wa iyaye ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni budurwa ce a Unguwar Dosa, Kaduna. An sa ranar aurena ƙarshen Disamba, saura wata huɗu ke nan. Mu Zazzagawa ne, shi kuma angon a Kaduna aka haife shi, amma iyayensa Barebari ne daga Maiduguri. Bukukuwan da nake zuwa yanzu duk kamarsu ɗaya: ado ɗaya, shinkafa ɗaya, kiɗa ɗaya. Ina so namu ya zama namu, ba tare da an ci bashi ko an ɓata wa iyaye rai ba. Muna sa ran mutum 250 a wajen liyafa. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

'Yar'uwa, kada ki fara da mai ado. Abin da ya sa bukukuwa suke kama da juna shi ne kowace amarya hoton bikin wata take ɗaukowa daga Instagram ta miƙa a kwaikwaya, masu adon kuma kayan da suka kafa jiya a Malali su za su kwance su kafa gobe a Barnawa. Abin da babu mai iya kwafa shi ne gidajen nan biyu da za a haɗa. Kina da Zazzau, yana da Borno. Daga nan za ki ɗebo, kuma a wuri biyu ko uku kawai za ki sa hannunki sosai, sauran ki bar su yadda aka saba.

Ɗaurin aure na iyaye maza ne, ki bar musu kayansu. Waliyyi, wakilin ango, sadaki, shaidu, a yi siga a shafa fatiha, da wuya ya kai minti 20. Abin da za ki iya roƙa ta bakin Baba shi ne wuri da lokaci. A babban masallaci irin na Sultan Bello bayan Juma'a, sau da yawa aure fiye da ɗaya ake ɗaurawa a jere, ga cunkoso, baƙin da suka taso daga Maiduguri ba lalle ne su ji sanarwa ba. Masallacin unguwa ko ƙofar gida ranar Asabar da ƙarfe 11 na safe ya fi ba da sarari: rumfa biyu, tabarmi, kujerun dattawa da lasifika mai kyau. Goro, dabino da alawa a ƙulla su tun da dare a ƙananan jakunkuna masu sunayenku, a ba samari huɗu su raba hannu da hannu. In aka bar su a tire, yara ne za su wawashe kafin manya su miƙe. Takardar gwajin jini kuma a tanade ta da wuri, don limamai da dama ba sa ɗaurawa sai sun gani.

Sai yawan taruka. Kamu, sa lalle, wushe-wushe (taron dare na Barebari), yini, dina, walima, buɗar kai: in kika ce duk sai an yi, kuɗin zai rabu bakwai, kowanne ya fito rabi da rabi. Ga mai son kauce wa bashi, kwana uku sun isa. Ranar farko kamu da lalle a haɗe, ta biyu ɗaurin aure da liyafa, ta uku kai amarya da buɗar kai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kamu ne wurin da ya fi karɓar abin da kike nema, kuma shi ya fi arha. Ba ya buƙatar ɗakin taro. Tsakar gida ko rumfa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi da dardumai, a jera ƙore, faifai da tukwanen ƙasa. Kafin ki je haya, ki zaga gidajen kakanni da gwaggwanni. Akwai tasoshi da kwallaye na jeren aurensu da suke ajiye shekara da shekaru, akwai zanen saƙi a ƙasan akwati. Amaryar da ta fito cikin saƙin kakarta, ta zauna gaban jeren da aka yi wa uwarta, babu mai ado a Kaduna da zai iya sayar mata da wannan. Amma kayan aro yana da sharaɗi: a rubuta na kowa a takarda, mutum ɗaya ta karɓa, ita kuma za ta mayar washegari. Ɓatan tasa ɗaya ta tsohuwa yana iya zama maganar shekara goma. A kira masu kiɗan ƙwarya maimakon DJ, a nemi wadda ta iya guɗa tun daga cikin dangi. Kuɗin kamu kuwa a daddale shi tukuna tsakanin gwaggonki da gwaggon ango. Cinikin da ƙawaye za su yi a fili ya zama wasa ne kawai, don in da gaske ake ja, nan ake fara jin haushin juna.

Dangin ango ki ba su filinsu a wannan rana. Barebari sun yi suna a turaren wuta da humra, to su ne za su kawo turaren da za a fesa miki, su kuma turara wurin. Kasko biyu a bakin ƙofa sun isa. Kada a shiga da garwashi cikin jama'a, lafaya da mayafin raga ba sa jimirin tartsatsi, kuma a rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya wuri hayaƙin yana tayar wa masu asma. In suna son wushe-wushe, a ba shi sa'a ɗaya a daren kamun maimakon a ware masa rana. Ranar buɗar kai ki naɗa lafaya, surukarki za ta ji daɗin wannan fiye da duk wata kyauta.

Ƙunshin jan lalle a yi shi kwana biyu kafin ɗaurin aure, wato kafin ranar kamu, yana buƙatar yini guda kafin ya nuna sosai. Baƙin lalle kuwa a yi hattara, wasu masu ƙunshi da rinin gashi suke haɗa shi, yana sa wasu fata ta kumbura ta yi ƙuraje. A ɗiga kaɗan a cikin dantse mako guda kafin biki, a jira kwana biyu a gani. Halawar cire gashi ma kada ta wuce saura kwana huɗu ko biyar, don jan fatar ya kwanta, balle a hunturu da fata take bushewa.

Abinci shi ne abin da mutane za su tuna, ba furen da ke kan tebur ba. In kin gayyaci 250, a dafa na 300, biki a Kaduna ba ya rasa 'yan rakiya. Masu girki sukan lissafa buhun shinkafa mai kilo 50 ga mutum 200 zuwa 250 in ita kaɗai za a ci. Shawararmu a raba biyu: buhu ɗaya na shinkafa saboda yara da waɗanda ba sa sauya ci, sauran kuma abincin gidajenku. Waina da miyar taushe daga ɓangarenku, sinasir daga nasu, sai dambun shinkafa ko alkubus in akwai hali. A lissafa wa kowa waina 3, wato ta mutum 150 guda 450 ke nan, aikin mata uku ne da tanda uku. A sanyin Disamba ƙullu yana jinkirin tashi, don haka a kwaɓa shi da wuri a ajiye a ɗaki mai ɗumi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a soya tun da asuba a danne a kula a rufe ruf. Tururin yana komawa cikinta, kafin la'asar ta yi laushi ta manne. Gara a soya a bayan wurin taron ana kaiwa da zafinta. Haka mai tsire, ya kafa tukubarsa a waje ta inda iska ba za ta kaɗo hayaƙi ciki ba.

Abin sha, rabin lita ga kowa, kusan lita 125 ke nan a raba tsakanin zoɓo da kunun aya, ban da ruwa gora biyu-biyu. Zoɓo ya ji citta, ga ta nan a jihar tamu, ta Kachia da Kwoi. Shi yana jure zama. Kunun aya kuwa 'yan sa'o'i kaɗan yake yi a waje ya yi tsami, sai a haɗa shi da safiyar ranar, ya zauna cikin ƙanƙara har lokacin rabo. Tunda lokacin sanyi ne, ki ajiye mai shayi a gefe guda da butocinsa da kayan ƙamshi. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma za ki ga dattawa sun fi zama a wajensa.

Tebur mai zagaye yana ɗaukar mutum 10, tebur 25 ke nan. Mai rabo ɗaya ga tebur biyu, kimanin mutum 13. In suka gaza haka, na gaba za su ci su ƙoshi, na baya su tashi da yunwa, kuma galibi dangin ango ne a baya don su ne baƙi. A ware teburansu da na iyaye da suna, a fara kai musu. Abincin direbobi da masu gadi a ƙulla shi daban tun farko.

Lokaci kuma salla ce take yanka shi. A ƙarshen Disamba ana kiran magariba a Kaduna jim kaɗan bayan ƙarfe 6. Ko dai a fara ƙarfe 4 bayan la'asar a tashi kafin 6, ko a fara bayan isha'i a tashi kafin 10:30. Taron da aka sa ƙarfe 5, amarya ta shigo 6 saura, magariba za ta raba shi biyu, rabin mutane ba za su dawo ba. Mu na la'asar muka fi so a naki, saboda 'yan Zariya su kama hanya da sauran haske, masu jirgin ƙasa zuwa Abuja su ma a duba jadawalin Rigasa kafin a buga kati. In a fili za a yi, babu fargabar ruwan sama, amma akwai ƙura: a rufe abinci, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a jera kujeru, kuma kada a shimfiɗa fararen kyallayen tebur tun da safe.

Mai gabatarwa a ba shi tsari a rubuce, in ba haka ba barkwancin da ya yi a bikin jiya shi zai maimaita. Cikin sa'a biyu ana iya yin addu'a, shigowar amarya, nasihar minti 10 daga malamar da ta san ki, ba wadda aka ɗauko haya ba, sai wani daga kowane gida ya ba da tarihin ɗansu cikin minti 3. A ba kakanni lasifika su tsokani jikokinsu, wannan wasan namu ne kuma yana sa dariya ta gaske. Wani dattijo daga dangin ango ya yi gaisuwa da Barbarci a fassara. Maganar kiɗa a tambayi Baba tun yanzu. In ya yarda, a rubuta wa DJ waƙoƙi 15 da kuke so da waɗanda ba a yarda ya sa ba. In bai yarda ba, walimar mata da mandiri ba ta rage komai. Liƙi kuwa, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an gurfanar da mutane a kan haka. A ajiye ƙwarya mai ado a gabanku a riƙa sakawa a ciki, ƙanwarki ɗaya ta tsare ta.

Anko in an matsa shi yana korar dangi marasa hali. Ki zaɓi launi maimakon zane, ki ce kowa ya zo da shuɗi ko ruwan ƙasa, atamfar anko ta tsaya kan ƙawaye na kusa. In za a saya a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci, a ɗebi turamen gaba ɗaya daga dila ɗaya, don kashi na biyu yakan zo da ɗan bambancin rini. A kai ɗinki saura mako shida, a gaya wa tela ranar da ta riga ta gaskiya da kwana goma. Shi kuma ango, babbar riga ɗinkin hannu ta birnin Zariya, aska biyu ko aska takwas, da hula zanna a kai: gidajen biyu sun haɗu a jikin mutum ɗaya. Ɗinkin hannu yana cin makonni da yawa, a ba da shi cikin wannan watan.

Kyautar baƙi, ki bar robobi da kalanda masu hotonku, ƙarshensu bola. Ƙaramar kwalbar turaren wuta da ƙullin alkaki ko nakiya sun fi, suna da kwanan wata kawai a jiki. Kada a buga aya a kan abin da za a yar. Kafin mai buga kati ya buga duka, ya kawo guda ɗaya a duba sunaye, musamman na iyayen ango.

Duk wannan ba da bakinki za ki kai wa Mama ba. Ki nemi gwaggo ko innar da take jin maganarta, ki zauna da ita tukuna, ita za ta shigar. Kuma kowace uwa a ba ta abin da za ta riƙe: Mama jere da gara, surukarki turare da buɗar kai. Wadda aka ba aiki ba ta cika sukar tsari ba.

Disamba cike yake da bukukuwa, don haka ɗakin taro shi za ki fara kamawa a wannan makon. Kafin ki ba da kafin alƙalami, a rubuta a takarda wa zai sayi man janareta, ƙarfe nawa za a kashe shi, kujeru da tebur nawa ne cikin kuɗin, akwai wurin alwala da salla, sannan ko sun yarda a shigo da abinci daga waje. Wasu wuraren ba sa barin a kunna wuta a harabarsu, in kuwa haka ne, mai waina da mai tsire da mai shayi duk ba su da wurin zama, sai ki nemi wani ɗakin.