Amsar Baffa a kan rini da gadon sana'a

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Kin ce a ƙasar da kike zaune kina so ki ajiye fenti ki koma rina ƙyalle da baba, ki fito da Gizo da Ƙoƙi a jikinsa kamar yadda kakarki take ba ku tatsuniyarsu, amma wani ya ce miki rini gado ne, kuma aikin maza ne, don haka ba huruminki ba ne.

Gaskiya ne sana'ar hannu tana bin gida, sai dai dalilin ba jini ba ne. Iliminta ba a takarda yake ba, yana ga hannu da ido da hanci, kuma ɗan gida ne yake samun shekarun zama a gefen gwani. Ki dubi baban kansa. Launinsa ba ya narkewa a ruwa sai an haɗa shi da ruwan toka an bar shi kwanaki ya jiƙa ya nuna, kuma marini yana gane ya nuna ne daga warinsa da kumfar da take taruwa a sama. Idan aka tsamo ƙyalle, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi ana kallo, kuma baƙin da ake so ba ya samuwa sai an yi ta tsomawa ana shanyawa. Wannan shi ne gadon, kuma mai haƙuri yana iya samunsa. Batun maza kuwa, a ƙasar Yarbawa mata ne suka shahara da rinin adire.

Ba ke ce farau ba. Aboubakar Fofana, wanda aka haifa a Bamako a 1967, a Faransa ya girma, kuma da ya waiwayi rinin ƙasarsu sai ya tarar shunin kamfani, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa tun 1897, ya kusa kashe tsohuwar hanya. Sai da ya bi tsofaffi a Mali, ya je har Japan neman ilimin, kafin aikinsa ya kai babban baje kolin fasaha na duniya, documenta, a 2017. Haka mai zane Shahzia Sikander ta zauna a gaban malami a Lahore ta Pakistan ta koyi ƙananan zane irin na zamanin sarakunan Mughal na Indiya, kafin ta koma Amurka ta juya shi yadda take so. Dukansu sun sauya abin da suka tarar, amma bayan sun iya shi.

Tatsuniya ba ta dame ni ba, domin kakar taki ma, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba da labarin Gizo iri ɗaya sau biyu ba. Abin da nake ji miki tsoro daban ne. Masu kallo a can suna son a ce musu kowane layi yana ɗauke da asiri, ke kuma kin bar gida kina ƙarama, abin da kika tuna gutsure-gutsure ne, saboda haka yana da sauƙi ki cike giɓin da ƙirƙirarki ki ce haka kakanni suka yi. Abin da kika ƙaga ki ce naki ne. Wanda ya koya miki ki ambace shi, kuma idan shunin kamfani kika sa, kada ki kira shi baba.

Ki nemi marini ki durƙusa masa, ki fara da farin ƙyallen auduga ba zane a kai, har ruwan ya karɓi hannunki. Na farkon da ya fito, ko da dabbare-dabbare ne, ki aiko mini da hotonsa.

Baffanki.