Tambaya da Amsa: Ruwa, Zafi da Matsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega. Idan mota ta ɗau zafi, ruwan lagireto shiru yake, amma da an murɗa murfi sai ya yi tsiri sama har ya ƙona mutum. Me ke kawo haka? (Daga wani direba, Jega)

Amsa: Wa alaikumus salam. Digiri 100 da aka koya mana a makaranta cewa a nan ruwa ke tafasa, na bakin teku ne, inda matsin iskar da ke danne ruwa ya kai kilofaskal 101 (kilofaskal ma'aunin matsi ne, faskal dubu ke nan). Idan matsin ya ragu, ruwa ya tafasa da wuri. Idan ya ƙaru, sai ya yi gardama. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya, shi ya sa a Jos ruwa ke tafasa wajen digiri 96.

To, murfin lagireto ba marufi ba ne kawai. Duba cikinsa, za ka ga sifirin da roba, a bayansa kuma an rubuta 0.9 ko 1.1. Wannan lambar ita ce ƙarin matsin da yake riƙewa, kusan kwatankwacin nauyin iskar waje. Da wannan matsi ruwa kan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ka ɗauka ruwan motarka yana 110, yana kwance abinsa. Kana murɗa murfi matsin ya zube, ruwan ya tsinci kansa digiri goma sama da inda ya kamata ya tafasa, nan take wani ɓangarensa ya koma tururi. Tururi kuwa yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki, don haka sai ya tunkuɗo sauran ruwan fuskar mai buɗewa.

Kashe inji, ka ba shi aƙalla rabin sa'a. Matsa tiyon lagireto na sama da tsumma. In ka ji shi da tauri, akwai sauran matsi, ƙara haƙuri. Sannan ka ɗora tsumma mai kauri, ka murɗa murfin kaɗan har hucin ya gama fita. Kada ka antaya ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan injin na iya tsagewa. Wani abin da direbobi ke rainawa: idan robar murfi ta cinye, matsi ba ya tsayawa, ruwa ya riƙa tafasa tun a 100 yana ƙarewa a hanya, musamman a zafin Maris da Afrilu. Sai a yi ta zargin fanka, alhali sabon murfi ne maganin.

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. An zana mana taswirar yanayin ruwa a darasin kimiyyar sinadarai, layuka uku sun haɗu a wuri ɗaya, ban gane ba. (Daga wata ɗaliba, Talata Mafara)

Amsa: 'Yata, ki ɗauke ta kamar gona uku masu iyaka da juna. Layin kwance zafi ne, na tsaye matsi. Gonar hagu ƙanƙara, ta tsakiya daga sama ruwa, ta dama daga ƙasa tururi. Iyakar ruwa da tururi ita ce layin tafasa, wanda direban Jega ya tsallaka da murɗa murfi. Inda iyakokin uku suka haɗu, digiri 0.01 ne da matsin faskal 611, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na matsin iskar da muke shaƙa ba. A nan kaɗai ƙanƙara da ruwa da tururi ke zama tare. Ƙasa da wannan matsi babu ruwa sam, ƙanƙara kai tsaye take zama tururi, kuma da wannan dabara ake busar da wasu alluran rigakafi su zama gari. Layin tafasa kuma yana ƙarewa a digiri 374 da matsi ninki 218 na iska, daga nan ba a bambanta ruwa da tururi.

Abin da masu jarrabawa ke so shi ne layin da ya raba ƙanƙara da ruwa: ya karkata hagu, saɓanin na yawancin abubuwa. Dalili, ruwa kumbura yake idan ya daskare, da kusan kashi 9 cikin ɗari, saboda haka matsi narkar da ƙanƙara yake yi. Kumburin nan ne ke fasa gorar da masu sayar da ƙanƙara suka cika taf suka jefa a firiza lokacin azumi. A bar kashi ɗaya cikin goma na gorar babu ruwa.

Tambaya: Tukunyar matsi tana dafa wake da ganda da sauri. Wuta take ƙarawa? (Daga wata uwargida, Argungu)

Amsa: A'a Hajiya, tururi take tsarewa, sai ruwan ya kai wajen digiri 120 maimakon 100. Kada ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, wake kuwa rabi, domin kumfarsa na toshe ƙofar fitar tururi. Kuma kada ki buɗe sai hucin ya mutu gaba ɗaya.