Aikin Ƙetare da Shanun Baba

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wani dillali ya ce idan mahaifina ya sayar da shanun nomansa biyu, zai samo mini aiki a Ingila. Mu amince? Daga ɗalibi a karkarar Ringim.

Amsa: Ɗana, a bar shanun nan a turkensu, domin kamfanin ƙwarai ba ya sayar da gurbin aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar ɗaliban shekarar ƙarshe horon sanin makamar aiki, kuma kyauta ake nema ta intanet, sai dai galibi babu albashi, ga tsadar masauki. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya kuwa sai mai digiri da gogewar aiki ta awa 2,800, saboda haka ka fara da fasfo da wasiƙar shaida daga malamanka.