Ga ƙanena mai son zuwa Ingila bincike kan dawowar kansar hanta

Wa alaikas salam, Dakta. Saƙonka ya iso, kuma irinsa ne ke ta zuwa daga gida: ka gama karatun likita, ka yi hidimar ƙasa, yanzu kana son a nema maka farfesan da zai ɗauke ka digirin PhD a kan abin da ke sa kansar hanta ta dawo bayan an yi wa mutum dashen hanta. Na karanta shafi biyun da ka haɗo. Da wannan takarda babu wanda zai amsa maka. Gonar da masu ita suka kusa shekara talatin suna nomawa ka zaɓa, ka kuma zo musu hannu rabbana.

Tun 1996 Vincenzo Mazzaferro da abokan aikinsa a Milan suka kafa ma'aunin zaɓen wanda za a yi wa dashe, wanda har yau ake aiki da shi, daga marasa lafiya 48 kacal: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari har uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba, bai shiga manyan jijiyoyin jini ba, bai fita daga hanta ba. Kashi 75 cikin ɗari na mutanen suna raye bayan shekara huɗu. A 2001 mutanen San Faransisko suka faɗaɗa na ƙari ɗaya zuwa santimita 6.5. Daga baya aka ga girman ƙari kaɗai ba ya nuna halinsa, sai aka shigo da awon AFP, wani sinadari da ƙarin hanta kan zubar a jini, wanda idan ya haura 1,000 cibiyoyi da yawa ba sa yarda su yi dashen. A 2017 aka fito da ma'aunin RETREAT don hasashen wanda cutar za ta dawo masa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ka ambata ba. Farfesa yana ganin haka zai rufe takardar.

Dalilin dawowar ma ba ɓoyayye ba ne kamar yadda ka rubuta. Idan yanke ɓangaren hanta aka yi, cutar kan dawo wa kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara biyar, domin taurarriyar hantar da ta haifi ƙarin farko tana nan, za ta haifi wani. Bayan dashe kuwa, tsakanin kashi 10 zuwa 20 ne, galibi a shekara biyu na farko, a huhu ko ƙashi ko sabuwar hantar. An cire tsohuwar hanta dungurungum, to daga ina cutar ta fito? Ƙwayoyinta sun riga sun sulale ta ƙananan jijiyoyin jini kafin ranar tiyata. Wannan kutsen ba ya fitowa a hoton CT ko MRI, sai an yayyanka hantar da aka cire an duba a madubin likita, lokacin da aikin gama ya gama. Sannan a ɗora mutum kan tacrolimus, maganin danne garkuwar jiki, don kada jikinsa ya ƙi sabuwar hanta, garkuwar da za ta farauci ɓatattun ƙwayoyin ta kwanta. An gwada wani maganin, sirolimus, da fatan zai yi aiki biyu, ya kare hantar ya kuma hana ƙari, amma babban gwajin da aka wallafa a 2016 bai nuna ya hana dawowar cutar a dogon zango ba. Magungunan tada garkuwa irin su atezolizumab suna taimakon wanda ba a yi wa dashe ba, amma ga wanda aka yi wa, suna iya sa jiki ya far wa hantar da aka sha wahalar samu. Ƙullin ke nan, kuma manyan cibiyoyi ne ke kokawa da shi.

Cibiyoyin dashen hanta na manya bakwai ne a duk Birtaniya: biyu a Landan, sai Birmingham, Kambirij, Leeds, Newcastle da Edinburgh. Bayanan marasa lafiyarsu da naman da aka adana suna hannun mutanen da suka tara su. Masu neman gurbin da kai ƙananan likitocin tiyata ne da farfesan ya riga ya sani, sun tsaya tare da shi a ɗakin tiyata cikin dare. Kai kuma ba ka taɓa ganin dashen hanta ba, kuma ba laifinka ba ne. A Asibitin Malam Aminu Kano ana dashen ƙoda tun 2002, amma na hanta sai mai hali ya tafi Indiya ko Masar.

Abin da ke hannunka, wanda ba su da shi, shi ne ka raina.

Marasa lafiyarsu a nan Birtaniya yawanci dattawa ne da suka haura sittin, giya ko kitsen hanta ko ciwon hanta nau'in C ya kawo su. Naka magidanta ne masu ƙananan yara. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma sai a 2004 rigakafinsa ya shiga jerin alluran yara, don haka yawancin waɗanda suka girmi wannan shekara a buɗe suke. Ga gubar aflatoksin ta fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an zuba su a rumbu ba su bushe ba. Gubar tana barin sanannen tambarinta a lamba ta 249 a ƙwayar halitta TP53, kuma ana iya ganin tambarin a jini. Wani babban nazari na ƙasashen Afirka da ya fito a 2017 ya gano cewa, in aka cire Masar, rabin masu cutar ba su wuce shekara 46 ba, kuma rabinsu ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano ta. Cibiyar binciken lafiya ta MRC da ke Gambiya tana bin wannan lamari tun 1986. Ka je ka karanta aikinsu kafin ka sake rubuta wa kowa.

Saboda haka ka matse tambayarka: me ke sa ƙari ya yi saurin girma a matashin da ke da nau'in B da tambarin aflatoksin, kuma za a iya kama shi a jini kafin ciki ya kumbura? Wannan ana saurara.

Sai dai samfur shi ne jarinka, kuma a nan ne 'yan gida ke faɗuwa. Kada ka dogara da naman hanta. Mutanenmu kan zo ciki cike da ruwa, jininsu ba ya daskarewa da kyau, soka musu allura haɗari ne. Ɗan naman da aka samu kuma idan ya kwana da kwanaki a fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, ya wuce awa 72, DNA ɗinsa ya kakkarye. Jini za ka tara. A kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa, a juya shi a injin raba jini kafin awa huɗu: minti 10 a ƙarfin 1,600 g, a kwashe ruwan saman, a sake juya shi minti 10 a 16,000 g, a raba mililita ɗaya ɗaya. Idan ka bar shi kan tebur tun safe har la'asar, fararen ƙwayoyin jini za su fashe, DNA ɗinsu ya nutsar da ɗan DNA ɗin da ƙarin ya zubar. Ajiya a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Firizar kuma sai da janareta ko sola, da takardar da ake rubuta sanyinta safe da yamma. Wuta ta ɗauke kwana biyu, samfur ya narke ya sake daskarewa, aikin shekara ya tafi. Kowace kwalba kuma ta zo da shekarun mai ita, sakamakon HBsAg (gwajin nau'in B), AFP, girman ƙari, da ranar da ya rasu idan ya rasu. Kwalba ba bayani shara ce.

Kafin komai ya bar ƙasa, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sa hannun kowane mara lafiya kan cewa ya yarda a fitar da jininsa, da yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin asibitinka da jami'ar. A wannan yarjejeniya ka tsaya ƙyam. A rubuta wa zai yi awon, wa zai riƙe bayanan, sunan wa zai zo farko. In ba haka ba, kai za ka sha ranar, kai za ka yi wa iyalai ta'aziyya, takarda ta fito sunanka na tara cikin goma sha huɗu. Abin ya faru da mutanenmu fiye da a ƙirga, kuma da murmushi ake yinsa.

Wani ɗan abu da ke tona asirin sabon shiga: ka rubuta za ka yi gwaji da ƙwayoyin HepG2 da ake reno a ɗakin gwaji. Daga ƙarin wani yaro ɗan shekara 15 aka samo su, kuma an tabbatar wani nau'in kansar yara ne daban. Ga tambaya irin taka, PLC/PRF/5 ko Hep3B, masu ɗauke da gutsuren ƙwayar cutar nau'in B, sun fi dacewa.

Batun kuɗi ba zan ja shi ba. Kuɗin makaranta na baƙo a PhD na ɗakin gwaji yakan haura fam dubu 20 a shekara, ban da kuɗin kayan gwaji da ake caja daban, ban da fam 776 na lafiya kowace shekara. Tallafin UKRI, hukumar bincike ta Birtaniya, ana ba baƙi, amma bai wuce kashi 30 cikin ɗari na guraben ba. Kada a sayar da filin gado a biya maka shekarar farko da fatan ta biyu Allah zai kawo. Bizar karatu kuma ba ta ba ka damar taɓa mara lafiya; wannan sai rajistar GMC, hukumar likitocinsu, da jarabawarta ta PLAB, da maki 7.5 a jarabawar Turanci ta IELTS.

Ka shiga ɗakin ajiyar fayil na asibitinku, ka ƙirgo masu kansar hanta na wata 24 da suka wuce, nawa ke da sakamakon HBsAg da AFP, nawa aka san ƙarshensu. Ka duba firizar da idonka, kada ka tambayi wani. Idan ka turo waɗannan, zan karanta takardarka ta biyu. Ka gaida mutan gida.