Tambayi Likita: Mantuwar Shekaru da Mantuwar Cuta

Likita barka da aiki. Shekaruna 58. Kwanan nan sai in haɗu da mutumin da na daɗe da sani, mu gaisa har mu yi hira, amma sunansa ya ƙi zuwa mini. Sai bayan mun rabu ya faɗo mini a rai. Ko farkon gigin tsufa ke nan?

Malam, kwantar da hankalinka. Amsar tana cikin tambayarka: ka ce sunan yana dawowa da kansa. Ashe yana nan a ajiye, ɗauko shi ne ya ɗauki lokaci. Ƙwaƙwalwar mai shekaru kamar ɗaki ce da aka daɗe ana tara kaya a ciki, kayan ba su ɓace ba, lalube ne ya ƙaru.

Saurin aikin ƙwaƙwalwa yana fara ja baya a hankali tun mutum yana shekaru talatin da wani abu, sai dai ba a cika lura ba sai an haura hamsin. Sunayen mutane su ne kan gaba wajen kuɓucewa, domin suna ba shi da wani abu da ya ɗaure shi da mai shi. Za ka tuna sana'ar mutum da inda kuka haɗu, domin waɗannan suna da ma'ana, amma sunan ya maƙale a bakinka. Haka nan riƙe abubuwa da yawa a ka lokaci guda yana ƙara wuya, shi ya sa za ka shiga ɗaki ka tsaya kana tunanin me ya kawo ka.

Ba komai ke raguwa ba. Yawan kalmomin da mutum ya sani da ilimin da ya tara sukan tsaya daram, har su ƙaru, zuwa shekaru sittin da saba'in. Abin da hannu ya saba, kamar tuƙi ko ɗinki ko rubutu, shi ma yana daɗewa sosai.

Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu tana da shekara 76. Takan yi tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ta ajiye kuɗi ta ce an sace, amma in ta fara labarin ƙuruciyarta ba ta mance komai. 'Yan'uwana sun ce ai mai tuna abin da ya wuce shekara sittin lafiyarta ƙalau. Haka ne?

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka muku da kula da ita. Amma gaskiya ban yarda da 'yan'uwanki ba.

A cikin ƙwaƙwalwa, can ta wajen kunne a kowane gefe, akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira hipokampus. Aikinsa shi ne karɓar sabon abu ya rubuta shi. Tsofaffin labarai kuwa sun riga sun bazu sun zauna a wasu sassan. Cutar Alzheimer, babbar mai haddasa gigin tsufa, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906, takan fara ɓarna ne daga wannan yankin. Saboda haka sai a ga tsohuwa tana lissafo ƙawayenta na yarinta ɗaya bayan ɗaya, amma amsar da aka ba ta minti biyu da suka wuce ba ta shiga ba sam. Ko masu lafiya ma sun fi tuna abubuwan da suka faru da su tsakanin shekara 10 zuwa 30 a kan na tsakiyar rayuwa, don haka ƙarfin tsohon labari ba ya wanke kowa.

Abin da muke dubawa shi ne ko mantuwar ta taɓa harkokin yau da kullum. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli daban, wanda ya riƙe makulli bai san amfaninsa ba daban. Ɓata a hanyar da aka saba, kasa lissafin kuɗi ga wadda da ta iya, barin wuta a kunne, rikita lokacin shan magani, zargin mutanen gida da sata, duk alamu ne da ke buƙatar ganin likita. Wani abin lura kuma, mai mantuwar shekaru shi ke kawo kukan kansa, mai cutar kuwa galibi iyalinsa ne ke damuwa, shi yana cewa lafiyarsa lau.

Ku kai ta asibiti, kuma ya zama wanda ke zaune da ita ne ya raka ta. Za a yi mata 'yan tambayoyi, a ba ta kalmomi ta riƙe, a ce ta zana agogo ta sa hannayensa a wani lokaci. Sannan a gwada jini, domin ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙullutun wuya mai haddasa maƙoƙo, da ciwon damuwa duk suna kwaikwayon wannan cuta, kuma suna da magani. In ta tabbata Alzheimer ce, magunguna irin su donepezil suna rage alamun na wani lokaci, ba sa warkarwa. Kafin nan, ku daina gardama da ita a kan kuɗin. In ta ce an sace, ku ce "bari mu duba tare." Ba ƙarya take yi da gangan ba, ajiyar ce ba ta rubutu a kanta ba.

Likita, shekaruna 49, al'adata ta fara wasa, kuma kaina kamar an cika shi da hazo. Ina manta abin da zan faɗa a tsakiyar magana.

Hajiya, mata da yawa suna kawo wannan kukan a shekarun ɗaukewar al'ada, kuma ga mafi yawansu abin yana sauƙi in jiki ya daidaita. Sauyin estrojin, wato sinadarin jikin mata mai raguwa a wannan lokaci, yana da hannu, amma ki fara duba barcinki. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da ta karɓa da rana, wadda zufa ke tasa sau uku cikin dare ba za ta wayi gari da kai sakayau ba. Ki kuma duba magungunan da kike sha: na barci irin su diazepam da wasu na mura masu sa gyangyaɗi suna dusashe tunani.

Babanmu mai shekara 81 lafiyarsa ƙalau har shekaranjiya. Yanzu ba ya gane mu sosai, yana surutai da dare, da rana kuma sai barci. Tsufa ne ya taso masa?

Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira gobe. Tsufa ba ya saukowa cikin kwana biyu, gigin tsufa ma watanni da shekaru yake ɗauka. Ruɗewar farat ɗaya a wajen dattijo alama ce ta wani ciwo a jiki: cutar mafitsara ko ta huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, sabon magani, shanyewar ɓarin jiki, ko zubar jini a ka bayan faɗuwar da wataƙila ba ku ɗauke ta da muhimmanci ba. Dattijo kan kamu da ƙwayar cuta ba tare da zazzaɓi ba. Ku tafi da duk magungunansa a leda.

Kakana da mahaifina duk sun yi gigin tsufa. Ina da shekara 41. Akwai ƙwayoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa da ake talla, in fara sha?

Riƙe kuɗinka, Malam. An gwada ginkgo, maganin ganyen wani itace wanda ya fi shahara a cikinsu, a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar ba. Bitamin kuma yana amfani ne ga mai ƙarancinsa.

Samun cutar a gida yana ƙara haɗari, amma nau'in da ake gada kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzheimer ba, kuma yakan bayyana tun kafin shekara 65. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari Alzheimer ce. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba da giya, ƙiba, rashin motsa jiki, buguwar kai, kaɗaici, da raunin ji ko gani da aka bari ba magani. Raunin jin nan mutane suna raina shi, alhali wanda ba ya ji sosai yakan janye daga hira, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi.

Shekarunka su ne daidai lokacin farawa, domin hawan jinin tsakiyar rayuwa shi ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Ka auna jininka da suganka, ka riƙa tafiya da sauri aƙalla minti 150 a mako, in kana hawa babur ka sa hular kwano.